Hukuncin Nazarin Ayyukan Mata Masu Zane da Ma'anonin Alamominsu

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a sashen zane-zane a wata kwaleji a nan Kano. An ba mu aikin bincike a kan mata masu fasahar zane na wannan zamani, da ma'anar alamomin da suke sakawa a ayyukansu. Yayana ya ce in bari, wai masu zane 'yan wuta ne, alamomin kuma duk na tsafi ne. In ci gaba ko in nemi a canza mini?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. 'Yata, ki ci gaba da bincikenki, ya halatta. Amma maganar yayanki tana da tushe, kada ki raina ta. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Ibnu Mas'ud cewa masu yin sura suna cikin mafi tsananin azaba ranar Alƙiyama. Sai dai wannan gargaɗin a kan mai ƙera surar yake, kuma ita ma surar malamai sun rarrabe ta. Ibnu Abbas ya ce wa wani mai wannan sana'a in ba makawa sai ya yi, to ya zana bishiya da abin da ba shi da rai. A mazhabarmu ta Malikiyya, kamar yadda Dardir ya bayyana a sharhinsa na Mukhtasar Khalil, abin da ya haramta shi ne surar mai rai, mai inuwa, wadda gaɓoɓinta suka cika, wato gunki. Zanen mai rai da yake shimfiɗe a takarda ko yadi makaruhi ne. Imam Nawawi ya tsananta, ya haramta duka, kuma wanda ya bi shi don tsantseni ba a zarginsa.

Ke kuwa karatu aka sa ki, kuma sanin abu ba aikata shi ba ne. Alƙur'ani da kansa ya ambaci sunayen gumakan mutanen Annabi Nuhu, Wadda da Suwa'a da Yagusa da Ya'uƙa da Nasra, Ibnu Abbas kuma ya yi bayanin asalinsu. Kasancewar masu zanen mata ne bai canza komai a hukuncin ba.

Batun alamomi shi ne inda nake so ki natsu. Ba hukunci ɗaya suke da shi ba, kuma ba za ki bambance su ba sai kin san ma'anarsu. Dubi dagin Arewa da ke jikin gine-ginenmu, da aska takwas a ƙirjin babbar riga, da zanen lalle na amare: ado ne da al'ada, babu mai bauta musu. Ladi Kwali, wadda hotonta yake bayan naira 20, ta rasu a 1984, ta shahara da zana ƙadangare da kunama da kifi a jikin tukwanenta, wannan ya shiga babin zanen da ba shi da inuwa. Amma idan kika je ga adire, wato rinannen yadi mai zane na ƙasar Yarbawa, wanda Nike Davies-Okundaye ta yi fice a kansa, za ki tarar da salon da ake kira Olokun, sunan abin bautar teku ne a addininsu na gargajiya. Irin wannan ki rubuta ma'anarsa kamar yadda masu shi suka faɗa, ba laifi. Abin da ba za ki yi ba shi ne ki rataya alamar bautar wani addini don girmamawa, ko ki ƙudurta tana kawo sa'a ko kariya. Nana A'isha ta ce Annabi (SAW) ba ya barin abu mai alamar gicciye a gidansa face ya warware shi.

Kuma ki ji tsoron Allah a kan su masu zanen. Abin yana damuna ƙwarai yadda a yau mutum zai ga zane mai kusurwa uku ko ido a waya, nan take ya ce tsafi ne, ya jefi baiwar Allah da shirka. Allah ya ce a Suratul Isra'i, aya ta 36, kada ka bi abin da ba ka da ilimi a kansa. Ki nemi abin da mai zanen ta faɗa da bakinta, ko abin da mutanen garinsu suka sani, kada ki ƙaƙaba mata ma'ana.

Ayyukan da ke nuna tsiraici ki tsallake su, akwai isassun da za ki zaɓa. Idan aka ce ki sassaƙa cikakken mutum ko dabba da yumɓu, ki roƙi malaminki cikin ladabi ya musanya miki da tukunya ko zayyana.

Wallahu a'alam.