Na samu jul 500, an ce 250 ne: ina rabin ya shiga?

Tambaya: Malam, jarrabawa ta matso, kaina ya kulle. An ja akwati mita 10 a kan daɓe da igiya, ƙarfin jan niyuton 50, igiyar ta ɗaga sama da digiri 60. Aka ce a nemo aikin da igiyar ta yi. Na ninka ƙarfin (niyuton 50) da nisan (mita 10) na samu jul 500 (jul shi ne ma'aunin aiki), aka soke, wai 250 ne. Mene ne ainihin ma'anar ninkin ɗigo na bekta?

Amsa: Kwantar da hankalinka, ɗana, lissafinka bai yi nisa da daidai ba. Bekta abu ne mai girma da kuma inda ya fuskanta, kamar ƙarfi ko tafiya, ana zana shi kamar kibiya. Ninkin ɗigo yana auna yadda bekta biyu suka dosa wuri guda: A·B = |A||B| cos θ, inda |A| da |B| su ne girman bektocin, θ kuma kusurwar da ke tsakaninsu. Abin da ke fitowa lamba ce zalla, ba ta fuskantar ko'ina.

Inda ka faɗa shi ne ramin da nake tsamo ɗalibai daga cikinsa kullum, wato haddar "aiki shi ne ƙarfi sau nisa". Masu koyar da wannan a matsayin gajeriyar hanya suna cutar yara ƙwarai. Maganar ba ta tsayawa sai idan ƙarfin da tafiyar suna fuskantar wuri ɗaya, inda cos 0 yake 1. Igiyarka a karkace take. Raba niyuton 50 ɗin gida biyu: 25 na jan gaba (50 × cos 60), kusan 43.3 na jan sama. Akwatin gaba ya yi, bai tashi sama ko da taƙi ɗaya ba. Ƙarfin (25, 43.3), tafiyar (10, 0), lambar farko ta gaba ce, ta biyu ta sama, sai ka ninka kowane da takwaransa ka tara: 250 + 0 = jul 250. Babu rabin da ya ɓata. Jan saman ya rage wa akwatin danna daɓe, amma aikinsa sifiri ne, domin cos 90 sifiri ne. Haka nauyin akwatin ma, komai girmansa, bai yi aiki a wannan tafiya ba.

Mai waccan hadda yakan share alamar ragi idan ta fito, yana zaton kuskure ne, alhali ma'ana ce da ita. Idan gogayyar akwatin da daɓe niyuton 20 ce, tana adawa da tafiyar, kusurwa 180, aikinta −200. Igiya ta zuba 250, gogayya ta kwashe 200 ta mai da shi zafi, 50 da ya saura shi ya ƙara wa akwatin gudu. Ka share alamar, ka samu 450, amsar da ba ta da tushe.

Kafin ka auna kusurwa, haɗa gindin bekta biyun wuri guda. In ka ɗora gindin ɗaya a kan tsinin ɗayar, 120 za ka karanta a madadin 60, alama ta juye. Ka kuma duba kalkuleta tana kan digiri. In tana kan radiyan, wani ma'aunin kusurwa daban, wannan tambayar −476 za ta ba ka.