Esin mota ya kasa a zafin bazara: me za a saya, me za a bari?

Daga tsakiyar Maris zuwa saukar ruwan farko, yawancin tambayoyin da ke shigo mana a kan abu ɗaya suke: esin da ya yi sanyi lafiya lau a hunturu ya koma hura iska mai ɗumi. Mun zaɓo biyar daga ciki.

Wani mai Corolla ƙirar 2008 daga Sakkwato: "Da safe da kan babbar hanya esina yana sanyi, amma da rana tsaka idan na shiga cunkoso sai ya zama iska kawai. Mai gyara ya ce kwamfireso ya gaji, in kawo kuɗin wani. In saya?"

Malam, riƙe kuɗinka tukuna. Kwamfireson da ya mutu ba ya farfaɗowa don ka hau hanyar Gusau. Abin da ka bayyana ya fi nuna kwandensa da fankarta.

Aikin esi shi ne kwashe zafi daga cikin mota ya zubar a waje. Gas yana ɗaukar zafin a ibaforeta da ke bayan dashbod, kwamfireso ya matse shi ya tura shi kwandensa, wannan faffaɗan abin da ke gaban lagireto, inda iskar waje za ta karɓe zafin. A hunturu iskar tana da sanyi, ko kwandensa mai datti ma tana iya aikin. A Afrilun Sakkwato ko Birnin Ƙonni, da zafi ke kai digiri 43 zuwa 45, ga kwalta tana turiri ga hucin injin, kwandensa tana bukatar duk iskar da za ta samu. A kan babbar hanya gudun mota ne ke ba ta iskar, a cunkoso kuwa fanka kaɗai ta rage mata.

Don haka fara da fanka. Tayar da mota, kunna esi, buɗe bonet: ya kamata ta tashi cikin daƙiƙu kaɗan, ta kuma ƙara gudu idan mota ta ɗauki zafi. Fankar da gawayin injinta na lantarki ya cinye tana juyawa, amma ba ƙarfi, kuma da ido kaɗai ba a ganewa. Ɗora takarda a gaban kwandensa. Idan fanka tana ja yadda ya kamata, takardar za ta manne. Idan tana ture ta, an juya wayoyin lokacin wani gyara. A duba fis da rile, da murfin robar da ke kewaye da fanka, wanda masu gyaran jiki kan yar bayan hatsari, alhali shi ke tilasta wa iska bi ta cikin kwandensa.

Sai datti. Ƙurar hunturu, leda, gashin kaji da ƙwari suna taruwa a tsakanin kwandensa da lagireto, inda ido ba ya kaiwa. A wanke da tiyo mai ruwa a hankali bayan injin ya huce. Injin feshi na gidan wankin mota yana kwantar da siraran haƙoran kwandensa, ya toshe ta fiye da ƙurar.

Bayan haka a sa geji, wato ma'aunin matsin gas mai allura biyu. Da gas ɗin R134a, a zafin digiri 40, ɓangaren ƙasa, mai ƙaramin matsi, yakan nuna wajen 35 zuwa 50 a ma'aunin psi, na sama 250 zuwa 320. Idan na sama yana haurawa 350 a tsaye, a zuba ruwa a kan kwandensa: in allura ta faɗo sosai kuma sanyi ya dawo, to iska ce ba ta isa ba, ko gas ya yi yawa. Idan ya haura 400 da wani abu, suwicin kariya ne ke yanke kwamfireso, shi ya sa sanyin ke ɗaukewa gaba ɗaya. Kwamfireson da ya gaji alamarsa daban ce: na ƙasa ya tsaya sama da 60, na sama ya kasa wuce 150, allurorin biyu suna neman haɗuwa ko an taka totur. Mai gyaran da bai nuna maka wannan ba bai da hujjar sa ka sayi kwamfireso. Ka kuma lura da allurar zafin injin, domin kwamfutar mota tana kashe esi da kanta idan ruwan lagireto ya yi zafi fiye da kima.

Wata Hajiya daga Damagaram: "Sau biyu aka ƙara mini gas cikin wata biyu. Wani na zuba na gwangwani, wani daga babbar tukunya. Wanne ne mai kyau?"

Hajiya, kafin zaɓen gas akwai yoyo da za a nemo. Gas ɗin esi ba ya ƙonewa kamar fetur, zagayawa yake yi a rufe. Ya ragu kaɗan cikin shekaru ba abin mamaki ba ne, amma wata biyu huda ce, kuma ƙara gas a haka zuba ruwa ne a kwando.

Man kwamfireso yana tafiya tare da gas, saboda haka inda ake yoyo za a ga tabon maiƙo da ƙura ta manne masa. A duba mahaɗar bututu inda zoben roba yake, bakin kwamfireso, wurin da tiyo ya haɗu da ƙarfe, bawul ɗin da ake ɗura gas, da fuskar kwandensa da tsakuwa ke hudawa. In ba a gani ba, a matsa iskar naitirojin kamar psi 150, a bi da ruwan sabulu, ko a zuba kalar da ke haskawa a ƙarƙashin fitila ta musamman. Idan geji yana sauka kuma ba a ga komai a waje ba, ibaforeta ce, sai an sauke dashbod. Kada ki yarda a gwada da iskar oksijin ta masu walda, tana fashewa idan ta haɗu da mai. Iskar mai faci kuma danshi take shigarwa.

Bayan an toshe yoyon, a sa injin zuƙe iska ya yi minti 30 zuwa 45, a rufe a jira minti 10 zuwa 15 a ga ko allura za ta motsa. Sannan a zuba gas da sikeli. Akwai takarda manne a cikin bonet da ke faɗin nau'in gas da nauyinsa. Ƙananan motoci yawanci giram 400 zuwa 650 ne, masu esi na baya irin Sienna sun fi haka. Gwangwani yawanci giram 340 ne, don haka "gwangwani biyu" ba awo ba ne. Mai cika gas har sai bututu ya yi gumi a hannunsa yakan wuce da giram 100 bai sani ba, kuma gas mai yawa a bazara ya fi wanda ya gaza illa, domin shi ke cika kwandensa ya haura da matsi.

Nau'i kuwa, abin da takardar ta ce shi za a zuba. Motocin tsakiyar shekarun 1990 zuwa tsakiyar 2010 galibi R134a ne, wanda ya maye gurbin R12 bayan yarjejeniyar Montreal ta 1987. Sabbi da yawa R1234yf suke sha, musamman na Turai daga 2017. Ya fi tsada, bakin ɗurinsa daban, kuma ba a gauraya su. Gwangwani ko tukunya duk ɗaya ne idan abin ciki na gaskiya ne. Matsalar jabu ce: ana gauraya R22 na esin gida, ko gas mai kama wuta, ko R40 mai cin alminiyam, wanda ya jawo fashewar kwantenonin sanyi na jiragen ruwa a 2011. Gwaji mai sauƙi: tukunyar R134a da ta zauna a inuwa a digiri 35 tana nuna wajen psi 114, ta R22 kuwa wajen 180. Wannan ba ya kama kowane jabu, don haka gas mai arha fiye da kima a bar shi. Haka gwangwanin da aka ce yana toshe yoyo da kansa, bawul da draya, matatar da ke tsotse danshi daga gas, yake toshewa.

Wani direban haya daga Kaduna: "An tabbatar kwamfireso ya mutu. Sabo na kamfani ya yi tsada. In ɗauki ɗan Beljiyam ko sabo mai arha?"

Ya danganta da yadda ya mutu. Idan kulocin gabansa ne, wanda ke haɗa shi da fuli, ko kwayil ɗin maganaɗisun da ke jawo kulocin, ko boris ɗin fuli, waɗannan ake sauyawa su kaɗai, ba tare da an ma zubar da gas ba a motoci da yawa. Kwamfireson da ba ya yankewa, irin na Golf da sabbin Camry, yana da bawul na lantarki a jikinsa da ke mutuwa kafin shi kansa, kuma ana sayar da bawul ɗin daban.

Idan kuwa ya kama ne, aka ga baƙin mai da garin ƙarfe, to kasafin ya canza. Garin ya riga ya bi bututu. Dole a sauya draya da bawul ɗin feshi, wanda ke fesa gas cikin ibaforeta, a wanke bututu da ibaforeta, a kuma sauya kwandensa, domin ta motocin yanzu hanyoyinta sirara ne, ba ta wankuwa. Wanda ya tsallake wannan zai sayi kwamfireso na biyu kafin damina ta ƙare.

A ganinmu, ɗan Beljiyam na asali, Denso ko Sanden ko Valeo, ya fi sabon da ba shi da suna. A kasuwar Panteka ta Kaduna ko ta Kofar Ruwa a Kano, ka je da tsohon ka gwada lambar jikinsa. Zaɓi wanda bakunansa suke a toshe, ka juya tsakiyarsa da hannu ka ji yana tafiya sumul, sannan ka karkata shi man ciki ya ɗiga a kan farar takarda. Mai garau, ko mai ɗan kore saboda kalar gwaji, lafiya. Mai toka-toka ko mai ƙyalƙyalin ƙarfe, mayar musu. Ku yi yarjejeniyar kwanakin gwaji kafin ka biya.

Man da za a zuba PAG ne, daidai lambar da kamfanin ya faɗa, ND-8 ga yawancin Denso. A auna shi, domin mai da ya yi yawa yana rage sanyi, kuma a buɗe sabuwar kwalba a gabanka, saboda yana shan danshi da sauri. Masu motocin haɗaka, masu aiki da fetur da lantarki, irin Prius su kula: kwamfiresonsu na lantarki ne, ND-11 yake sha, PAG yana lalata rufin wayoyinsa.

Wani daga Maiduguri: "Yana sanyi minti 20 ko 30, sai ya daina. In na kashe na ɗan jima sai ya dawo."

Lokacin da ya daina, sa hannu a bakin iska. Idan ƙarfin iskar ya ragu alhali kana jin ƙarar fanka, ƙanƙara ce ta rufe ibaforeta. Sababin yawanci na'urar auna sanyinta ce ta mutu, ko wani ya haɗa kwamfireso kai tsaye don "ya ƙara sanyi", ko matatar iska ta toshe.

Idan iskar na nan da ƙarfinta amma ɗumi, tsaya ka buɗe bonet. Fuli yana juyawa amma tsakiyar kwamfireso a tsaye? Tazarar kuloci ta buɗe ko rile ya gaji. Tazarar kusan rabin milimita ce. In ta kai kusan milimita ɗaya, maganaɗisun ba ya iya jawo shi da zafi, kuma cire siririn washa ɗaya yakan gyara. Rile kuwa, musanya shi da na oda idan iri ɗaya ne, ka gani. Idan tsakiyar tana juyawa kuma gejin ƙasa ya faɗi ƙasa da sifili, danshi ne ya daskare a bawul ɗin feshi: sabuwar draya da zuƙe iska mai kyau.

Wata uwa daga Yola: "Mota tana yini a rana a wurin aiki, in na ɗauko yara ba ta sanyi har mu isa gida. In sa baƙin gilashi, ko in sayi ƙaramar na'urar sanyi ta sokawa a wurin caji?"

Na'urar nan ki bar ta, fanka ce da ɗan ruwa. Motar da ta yini a rana cikinta yana wuce digiri 60, dashbod da kujeru sun fi haka, kuma duk wannan zafin esi zai fara kwashewa. Abin da ya fi biyan kuɗinsa shi ne mayafin gilashin gaba mai ƙyalli, sai inuwa in akwai. Da kin shiga, sauke gilasai, kunna esi a kan iskar waje, ki yi tafiyar minti ɗaya ko biyu zafin ya fita, sannan ki rufe ki danna maɓallin da ke juya iskar ciki. Mutane da yawa suna yawo da shi a kan iskar waje duk bazara, esi yana ta fama da digiri 44 ba hutu.

Ki sa a ciro matatar iska da ke bayan akwatin gaban fasinja. Littafin mota kan ce a sauya ta wajen kowace kilomita 15,000, amma a ƙurarmu bayan kowane hunturu ya fi. A kuma tabbatar ƙofar hita tana rufewa ruf, domin in ta saki kaɗan tana gauraya zafin injin da sanyin.

Leda ta gilashi tana taimakawa, amma duhunta ba shi ne ƙarfin tare zafi ba. Mai siramik mai haske ta fi baƙa ƙirin mai arha, kuma a Najeriya baƙin gilashi yana bukatar izinin 'yan sanda. Yara kuwa kada a bar su a mota a rufe ko na minti biyar, ko da esi a kunne, domin injin yana iya mutuwa.

Don ki san ko akwai abin gyara, sayi ƙaramin ma'aunin zafi mai tsinke ki soka a bakin iska na tsakiya. Bayan tafiyar minti 10, gilasai a rufe, iskar ciki tana juyawa, esi mai lafiya yana ba da digiri 5 zuwa 10. A tsaye cikin zafin azahar, 12 zuwa 15 ba laifi. In ya tsaya a 18 ko sama, a kai shi wurin mai geji da sikeli.