Zuwa ga Yayana na Kantin Kwari

Yaya, ina gajiya, ya iyali, ya jikin Hajiya? Saƙon muryarka na minti goma sha ɗaya ya iso. Na saurare shi a shago, na sake saurara a jirgin ƙasa kan hanyar gida. Na zaɓi in amsa a rubuce inda kowa zai gani, don na san tambayoyin ba naka ne kai kaɗai ba, bakin mutanen layinku ka ara ka ci musu albasa.

Ka ce ka kira 'yarka ranar Litinin ka same ta a falo da hijabi, jariri a cinya, alhali ni ina ta cika baki cewa ma'aikaciyar ofis ce. Aiki ka tarar tana yi, Yaya. Akanta ce a wani kamfanin inshora. Tun watan Maris na 2020 da korona ta rufe New York aka ce kowa ya ɗauki kwamfutarsa ya tafi gida, kuma har yau ba a gama dawowa ba. Ita kwana uku take zuwa ofis, Talata zuwa Alhamis, Litinin da Juma'a tana gida. Kamfanin na ƙirga sau nawa ta goga katinta a ƙofa, idan ya gaza sai an kira ta. Manyan ma sun fara janye igiyar: Amazon ta ce daga Janairun 2025 kowa ya dawo kwana biyar, bankin JPMorgan ya bi sahu a watan Maris, shi ma Trump ranar da aka rantsar da shi ya sa hannu cewa ma'aikatan tarayya su koma ofis. Ita dai tana addu'ar kada guguwar ta iso kansu kafin yaye.

Abin da ya ba ni dariya, kai da ka tashi a gidanmu ne kake mamakin mace na neman kuɗi daga cikin ɗaki. Hajiya ta shekara nawa tana dambu da ƙosai ba ta taka ƙofar gida ba? Ni da kai ne 'yan tallan. Da wannan cinikin ta yi wa 'yan matan gidanmu uku kayan ɗaki. Bature bai gano haka ba sai da annoba ta koya masa.

Mu na titi ne muka ji a jikinmu. 'Yan uwanmu masu kasa jakunkuna da lema a tsakiyar Manhattan, da masu tasi, duk ma'aikacin ofis ne abincinsu. Yanzu ranar Juma'a sai ka ga titin kamar Kwari ranar sallah.

Na san inda maganarka ta dosa, tunda ka ƙare da "ko mijin ne ya ajiye ta". Kullum sai an biyo ta kan mijin nan. E, baƙar fatar Amurka ne. Musulmi ne ɗan Musulmi, kakansa na cikin waɗanda suka bi Imam Warith Deen Mohammed zuwa ga sunna a 1975. Ya biya sadaki, ya kawo lefe akwati uku bayan da uwar yarinyar ta zaunar da shi ta yi masa bayani, ya koyi durƙuso duk da tsawonsa. Sunan nan da wasu namu ke kiran irinsu da shi, ba a faɗinsa a gidana. Lokacin da na zo a 1992, a titi na 125 a Harlem na fara, ƙarƙashin wani Alhaji mutumin Maraɗi, muna kasa huluna da yadi a bakin hanya. A watan Oktoban 1994 magajin gari Giuliani ya turo 'yan sanda suka share mu kaf. Masallacin Malcolm Shabazz, na su surukin nan nawa, shi ya tsaya aka samu fili a titi na 116 muka kafa rumfuna. Wanda ya ba ka inuwa ranar da aka kore ka, ba ka ce masa bare. Kuma in ana tonon asali, kakarmu ta wajen uba a hanyar goro Kaka ya auro ta, 'yar Dagomba ce, ta rasu Hausarta ba ta miƙe ba. Ban taɓa jin wani a Fagge ya ce mu ba Hausawa ba ne.

Sai maganar auta, wadda ita ce ta fi ci mini rai. Ka ce na bar yaro ya zama ɗan ƙwallo, ana karatu yana tsalle. A nan ƙwallon kwandon ita ce kuɗin makarantar. Akwai jami'o'in da shekara ɗaya, da karatu da ɗaki da abinci, ta haura dala 80,000. Ka buga wannan da canjin Wapa ka gaya mini buhun gari nawa zan sayar. Jami'o'in Amurka su ke da ƙungiyoyin wasa, ƙarƙashin hukumar da ake kira NCAA, mai rukuni uku, kuma koci ne ke yawo yana neman yara tun suna sakandare, ya ɗauke musu kuɗin karatu su buga masa.

Neman aure ne sak. Ana fara ganin yaro a gasar bazara, a yi ta aiko saƙo, a gayyace ku ku ga makaranta, sannan a zo gaisuwar iyaye. Wani koci ya zo gidanmu a Bronx, ƙato, fari, ya ga takalma a bakin ƙofa ya cire nasa ba a ce masa ba. Uwargida ta zuba masa tuwon shinkafa da miyar taushe. Ya ci da cokali, ya yi gumi, ya ce a ƙara. Ya buɗe kwamfuta zai nuna mini ɗakin motsa jiki, na ce ya rufe tukuna. Na tambaye shi masallacin Juma'a mafi kusa, da inda yaro zai sami naman halal, da abin da zai faru in gwiwa ta samu matsala a shekarar farko. Da na zo kan azumi, shi ya riga ni: ya kawo sunan Adama Sanogo, ɗan Mali, wanda ya ci kofin ƙasa da jami'ar Connecticut a 2023 yana azumin Ramadan, har aka ba shi gwarzon gasar. Na ce mu tun zamanin Hakeem Olajuwon muka san ana yi. Muka rabu da musabaha, ya ce wuri na auta ne.

Bayan wata biyu waya ta daina shiga. Ashe ya sami wani ɗan shekara 22 da ya riga ya buga shekara uku a wata jami'ar. Haka kasuwar ta koma. Tun 2018 aka buɗe wani rajista da ɗan wasa ke sa sunansa idan yana son sauya sheƙa, yanzu kuma ba ya zaman jiran shekara kamar da, sai kociyoyi suka ga gara su sayi rago mai ƙiba da su yi kiwon ɗan tinkiya. Ga kuɗi sun shigo. Daga 1 ga Yulin 2021 aka halatta wa ɗalibi ya karɓi kuɗin talla da sunansa da hotonsa, abin da suke kira NIL. A watan Yunin 2025 kuma kotu ta amince da wani sulhu da ya ba kowace jami'ar rukuni na ɗaya damar raba wa 'yan wasanta har kusan dala miliyan 20.5 a shekarar farko. Yara 'yan 17 yanzu suna da dillalai. Biyu sun zo shagona, kuma ka san ni da dillali, tun daga yadda ya gaishe ni na san la'adarsa kawai yake hange. Ka gaya wa masu turo mini bidiyon 'ya'yansu dogaye daga Kano cewa wanda ya zo da bizar ɗalibi, dokar bizar ta ɗaure masa hannu a kan yawancin kuɗin tallan nan.

Auta ya kwana uku ba ya cin abinci sosai. Daga baya wata ƙaramar jami'a ta ɗauke shi, ba ta fitowa a talabijin, amma ba na biyan sisi, kuma lissafin kuɗi yake karanta kamar yayarsa. Hukumar NCAA da kanta tana faɗin cewa waɗanda ke zama ƙwararru ba su kai biyu cikin ɗari ba. Na rubuta masa wannan a takarda na liƙa a jikin firij. Hausarsa kam, na yarda, tana ɗingishi. Yana ji sarai, amsawar ce sai ya haɗa da Turanci. Amma ka tuna da ya zo hutu, shi ya taya hula a Kurmi har mai hular ya ce wannan ɗan waye.

Shago kuwa, alhamdulillahi, ana buɗewa. Manyan kantuna sun faɗi a gabanmu: Sears ta durƙushe a 2018, Bed Bath & Beyond a 2023, Macy's ta ce za ta rufe rassa 150. Waɗanda suka rage sun sa injin da mai saye ke biya da kansa, sannan suka kulle man goge baki a cikin gilashi saboda ɓarayi, sai ka danna ƙararrawa ka tsaya jiran yaron da suka rage wa aiki. Ni abin da ke riƙe da ni bai wuce littafin bashi da sanin mutane ba. Na san wadda mijinta ya rasa aiki, na san mai suna ranar Asabar. Matar da ta zo sayen manja da daddawa tana minti ashirin, goma na hira ne. Sabon kaya kuma a WhatsApp nake sa shi da asuba, kafin azahar an turo kuɗi ta Zelle.

Waɗanda suka so kashe ni su ne Temu da Shein, masu sayar da kayan Chaina ta intanet. Abayar da nake sayarwa, sai yarinya ta nuna mini irinta a waya da kuɗin da ko sari ba na samu a haka. Dalili, a lokacin duk ƙunshin da bai wuce dala 800 ba yana shigowa ba haraji. A watan Mayun 2025 aka toshe wannan ƙofar ga kayan Chaina, na yi murna har na raba goro. Ƙarshen Agusta aka toshe ta ga duniya baki ɗaya, sai ga shi ta faɗo kan hulunan da kake aiko mini. Kai ma da atamfar Chaina ta cika muku Kwari, ba sai na yi maka dogon bayani ba. Shi ya sa na ce a dakata da dozin goman nan, ba wai na sami wani mai kawo mini ba ne kamar yadda aka gaya maka.

Idan an sami mai tahowa, a haɗo mini da kuka da busasshiyar kuɓewa. Kada a sa kilishi, nama ba ya wuce kwastan, na bara a kwandon shara ya ƙare ina kallo. Takalmin sallar da ka ce za ka sa a ɗinka wa auta, ya gode, amma lambar Amurka 15 yake sawa. Ya taka takarda na zana ƙafar da biro, zan ba mai zuwa ya kawo maka, don in ka faɗa da baki baduku ba zai yarda ba.