Na rufe laftof na saka a jaka, na iske ta da zafi kamar dutsen guga

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. A Wuse nake aiki, gida kuma Kubwa, duk a Abuja. In na tashi daga ofis sai in rufe murfin laftof ɗina in jefa ta a jaka. Kafin in isa gida ta ɗauki zafi, fanka na ta ƙugi, caji ya kusa ƙarewa. Windows 11 ce a kanta. Batir ne ya mutu, in kai ta Banex, kasuwar kayan waya da kwamfuta, a canza?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Kada ki sayi batir tukuna. Mataccen batir zai sa caji ya yi saurin sauka, amma ba ya sa fanka ta yi ƙugi. Fankar da ke juyawa cikin jaka shaida ce cewa kwamfutar idonta biyu.

Barcin laftof iri biyu ne. Na dā, wanda ake kira S3, kusan komai yake kashewa, sai ma'adanar RAM kaɗai ake bar wa 'yar wuta don ta riƙe aikin da kika bari a buɗe. Sabbin kwamfutoci da yawa kuwa wani salo suke bi mai suna Modern Standby, wanda ya samo asali tun zamanin Windows 8 a 2012. Shi wannan irin barcin wayar salula ne: allo ya mutu, amma na'ura na iya ci gaba da karɓar saƙo ko sauke sabuntawa. A kan tebur ba komai. A cikin jakar da iska ba ta shiga, cikin cunkoson titin Kubwa da yamma, nan ne ake samun ɓarna.

Ki danna maɓallin Start da gefen dama na linzami, ki buɗe Terminal, wato wurin rubuta wa kwamfuta umarni, da ikon mai gudanarwa (Admin), ki rubuta powercfg /a. In kin ga S0 Low Power Idle a jerin farko, na irin barcin da kwamfutar ke iya yi, to sabon salon ne da ke. Sai ki rubuta powercfg /requests, zai nuna miki manhajar da ke hana ta runtsawa. Sau da yawa bidiyo ne da aka bari a burauza, ko manhajar taron intanet da ba a rufe ba.

Amma wanda na fi kamawa da laifi a shagona shi ne linzami mara waya. Ana barin 'yar na'urar da ke haɗa shi da kwamfuta a ramin USB, a jefa shi jaka ɗaya da kwamfutar a kunne. Mota na shiga gargada, ya motsa, kwamfutar ta farka. Ki riƙa kashe shi ta maɓallin da ke ƙarƙashinsa. Ki kuma zare caja kafin ki rufe murfi, ba bayan kin rufe ba, domin Windows ta fi sakin jiki da ayyukan bayan fage in ta ga tana kan wuta.

Ni dai shawarata, duk kwamfutar da za ta shiga jaka a sa ta Hibernate. Shi yana kwashe abin da ke cikin RAM ya rubuta a faifan ajiya, sannan ya kashe wuta gaba ɗaya. In kin kunna, takardunki na nan yadda kika bar su, 'yan daƙiƙoƙi kawai za ki ƙara jira. Ki shiga Control Panel, sai Power Options, sai wurin zaɓar abin da rufe murfi zai yi, ki sa Hibernate a ɓangaren batir. In ba ya cikin jerin, rubuta powercfg /hibernate on ki sake dubawa.

Ki gaggauta, don Allah. Batirin lithiyam ba ya shiri da zafi, kuma ga watan Maris da Afrilu na Abuja. Yawan gasuwa yana rage masa ƙarfi, har ya kumbura. In kin ga wurin shafa yatsa ya ɗago ko gindin kwamfutar ya buɗe, ki daina caji, ki kai wa mai gyara a ranar. In ba haka ba, rubuta powercfg /batteryreport, ki buɗe rahoton da zai nuna miki inda ya ajiye, ki kwatanta Design Capacity (ƙarfin batirin yana sabo) da Full Charge Capacity (abin da yake iya ɗauka yanzu). Sai na biyun ya faɗi ƙasa da rabin na farko za ki fara maganar zuwa Banex.