Maganin jijiyar haƙori: wane ciko zan biya?

Wata 'yar'uwa daga Aboabo a Kumasi ta rubuto, wai likita ya ce haƙorinta sai an cire jijiya an cike ramin, ya ba ta farashi biyu, na ciko na yau da kullum da na bayoseramik mai tsada wanda aka ce yana kashe ƙwayoyin cuta. Wanne za ta biya?

Hajiya sannu da jiki. Gaskiya duka biyun suna kashe ƙwayoyin cuta, amma fa ƙarfinsu yana nan ne lokacin da suke ɗanye, da zarar sun bushe sai ya ragu. Na yau da kullum ɗin ma zinc oxide ne da eugenol, wato sinadarin man kanumfari, shi ya sa ɗakin likitan haƙori ke wannan ƙamshin. Bayoseramik yana da kyau, jiki na karɓarsa, bai damu da danshi ba, in kuɗin na nan ki biya ba laifi.

Amma ainihin aikin a wurin wankin ramin yake, kafin a cike shi. Ruwan sodium hypochlorite da suke ɗaurayewa da shi, ɗan'uwan bilicin wanki ne amma an auna shi, wajen kashi 1 zuwa 5 cikin ɗari, shi ke narkar da mataccen nama ya kashe ƙwayoyin, in akwai mugunya kuma sai a sa calcium hydroxide a rufe kamar sati ɗaya ko biyu ki dawo, duk da haka akwai wata ƙwaya mai taurin kai Enterococcus faecalis da ke iya tsira ko da an sa shi. Don haka ki tambaye shi, zai sa robar nan da ke killace haƙori kada miyau ya shiga? Zai ɗauki hoto bayan ya gama? Ni dai in kuɗin ba su kai ba, gara ciko mai arha ki ajiye ragowar don hular haƙorin, wato murfin da ake sa masa a sama, musamman in turmi ne, don in saman ya tsage komai tsadar abin da ke ciki ƙwayoyi za su koma.

Wani ɗan'uwa daga Asawase kuma ya tambaya, shin ba zai iya shan maganin kashe ƙwayoyin cuta amoxicillin daga kemis ya huta ba? Malam, jijiyar da ta mutu jini ba ya kai mata, maganin ba shi da hanyar shiga ciki, ciwon zai lafa ya dawo. In fuska ta kumbura da zazzaɓi kada ka jira gobe, ka nufi asibitin Komfo Anokye yau.