Yaya zan saƙa suwaita marar nauyi da kwarashi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ban daɗe da fara saƙar kwarashi ba, iyakata hular yara da mayafin wuya. Ina son in saƙa wa kaina suwaita, amma duk wadda na gani ga kauri ga nauyi kamar bargo. Yaya zan yi tawa ta fito sakayau?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Gaskiyarki ne. Saƙar kwarashi ta fi ta allura biyu cin zare, shi ya sa take fitowa da kauri. Amma kada wannan ya sa ki nemi zare mafi siranta. Zare mai lamba 1 zai gajiyar da ke tun ba ki kai hammata ba. Nemi mai lamba 3, wanda a takardarsa ake rubuta DK, mai haske, don a baƙin zare sabon hannu ba ya ganin idon saƙa. Auduga zalla tana da sanyi a jiki, sai dai tana da nauyi, kuma rigar takan zazzago bayan wanki. Ni na fi son gaurayen auduga da akirilik, wato zaren roba.

Sirrin yana wurin kwarashi. Idan takardar zaren ta ce kwarashi mai kaurin milimita 4, ɗauki 4.5 ko 5. Idanun za su buɗe, iska ta ratsa, rigar ta kwanta a jiki maimakon ta sandare. Ki kuma bar gajeren ɗauri, wato wanda ake cusa kwarashi ba tare da naɗa zare ba, domin shi ne mafi cunkushewa. Yi dogon, wanda ake naɗa zare sau ɗaya kafin a cusa. In kina son ta ƙara rage nauyi, ki riƙa yin dogo ɗaya, sarƙa ɗaya, ki tsallake ido ɗaya, sai ta fito raga-raga.

Kafin ki fara rigar, saƙa ɗan ƙyalle na gwaji, santimita 15 tsawo da faɗi. Na san wannan ne matakin da kowa ke gudu, amma hannu ya bambanta, wata tana matse zare wata tana sakinsa. Wanke ƙyallen, ki shimfiɗa shi ya bushe, sannan ki ƙirga idanun da ke cikin santimita 10 a tsakiyarsa. A ce kin samu 14, kewayen ƙirjinki kuma santimita 96 ne. Ƙara 10 don walwala, ya zama 106. Rabinsa 53 ke nan, faɗin gaba. Ninka 53 da 1.4, wato idon da ke cikin kowace santimita ɗaya, za ki samu kusan ido 74. Haka za ki yi wa baya ma. In ƙyallen ya yi tauri a hannu, ƙara girman kwarashi ki sake gwadawa, ki sake lissafi.

Sigar rigar ba wuya: falle huɗu masu kusurwa huɗu, gaba, baya, da hannu biyu. Ki haɗa kafaɗu da allurar zare ki bar kusan santimita 24 a tsakiya don wuya, ki liƙa hannuwan, sannan ki ɗinke gefe tun daga ƙasa har bakin hannu.

Inda masu koyo suka fi tuntuɓe shi ne gefen saƙa. Ido ɗaya yakan ɓace a ƙarshen layi, sai fallen ya riƙa tsukewa ba a lura ba. Ɗaura guntun zare mai wani launi a idon farko da na ƙarshe, ki ƙirga bayan kowane layi. Sarƙar farko kuma a sassauta ta, in ta matse ƙasan rigar zai tattare.

Zaren ki saye shi gaba ɗaya, kimanin mita 1,200 zuwa 1,500 ga matsakaicin jiki, ki duba lambar rini ta zama iri ɗaya a kowane ƙunshi, don launi yakan ɗan saɓa. In kin wanke, kada ki rataye ta da lema. A shimfiɗe ake shanya ta, a kan tawul.