Hancin lantarki zai iya raba naman kaza mai kyau da mai guba?

Tambaya: Malam, duk damina yarana kan tsinto naman kaza a bayan gari, wajen Dundaye. Na ji an ce akwai na'urar da ke shinshina shi ta faɗi wanda ake ci da wanda ke kisa. Gaskiya ne? In nema?

Amsa: Akwai ta, Hajiya, amma kada ki ɗora ran yaranki a kanta. Hancin lantarki ake ce mata. Krishna Persaud da George Dodd ne suka gabatar da ita a Jami'ar Warwick ta Ingila a 1982. Ƙananan sensa ne a jere, galibi na sinadarin kuza, waɗanda gudun wuta a cikinsu ke sauyawa idan wari ya taɓa su. Sai kwamfuta ta gwada sauyin da samfuran da aka koya mata.

Ga inda gizo ke saƙa: gubar da ta fi kisa, amatoksin, ba ta tashi cikin iska, balle a ji warinta. Ƙamshin nan da aka san naman kaza da shi, sinadarin 1-octen-3-ol ke kawo yawancinsa, kuma mai kyau da mugun duk suna fitar da shi. Ke nan na'urar ba guba take ganowa ba, jinsi take kintata. Wanda ba a koya mata ba, sai ta liƙa masa sunan wanda ya fi kama da shi. Ga laimar damina da zafin Sakkwato suna rikita sensa, kuma naman kazan da ya kwana warinsa ya riga ya sauya. A ɗakin bincike, da jinsuna kaɗan sanannu, tana ƙoƙari. A daji, ni dai ban yarda ba.

Amanita phalloides, jinsin naman kazan da ya fi kashe mutane a duniya, dafuwa ko shanya ba sa karya dafinsa. Ganin tsutsa ta ci ma ba hujja ba ne. Sai bayan sa'a 6 zuwa 24 amai da gudawa ke farawa, sannan a ji kamar an warke alhali hanta na lalacewa.

Idan wani ya ci ya fara amai, kada a tsaya jiƙe-jiƙe. A kai shi asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ko da ya ce ya ji sauƙi, a tafi da ragowar a naɗe cikin takarda, ba leda ba.